Farin Bidon Inna Tamu

Ban taɓa mantawa da ranar kasuwar Takanamat da na karɓe bidon wata tsohuwa ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in tsabta a Tawa, ana tura mu ƙauyuka mu duba abin ci da na sha da ake sayar wa jama'a. A shekarar gwamnati ta dage da kira a rediyo cewa kada a yar da roba ko kwalba, a wanke a sake amfani da su.

A rumfar masu nono na iske ta, Tamu sunanta, tana zuba wa mutane daga wani farin bido. An kankare takardar jikinsa, amma a gefe na ga sauran hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Bidon maganin fara ne, kuma irin wannan roba tana shan guba, wanki ba ya fitar da ita. Ƙa'idar aikinmu ita ce a karɓe bidon, a zubar da nonon, a rubuta sunan mai shi don hukunci.

Na ce, "Inna, ina kika samo wanga bido?"

Ta ce, "Bakin gona na tsince shi, ɗana. Sau uku na wanke shi da toka. Ba ku ne kuka ce kar mu yar ba?"

Na durƙusa na nuna mata hoton, na faɗa mata abin da yake nufi. Ba ta ko dubi nononta ba, sai ta ce, "Wata mai goyo ta saya ɗazu. Tashi mu same ta."

Muka ratsa kasuwar dabbobi, tana gaba tana tambaya, ina binta da ƙyar. A tasha muka iske matar cikin motar Affala, nonon na nan a kwano, ba a taɓa shi ba. Tamu ta karɓa ta zubar da hannunta, ta shafa kan jaririn, ta zauna a ƙasa tana hawaye tana hamdala.

Washegari shugaban sashenmu ya duba rahotona ya ce, "Ina sunanta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban rubuta ba. Maganarmu ta rediyo ta bi. Mu ne muka faɗi rabi, ba mu ce ban da bidon magani ba."

Ya daɗe yana juya bidon, sannan ya sa hannu. Daga baya aka umarce mu mu zagaya kasuwanni, muna karɓar bidon magani muna ba da na man gyaɗa mai tsabta.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani mutanenmu suna jin maganar hukuma fiye da yadda muke zato. In za ku ce su yi abu, ku faɗa musu har ƙarshensa, domin abin da kuka rage, a cikin 'ya'yansu yake ƙarewa.