Ilu na Yasore da Kalangun da Bai Tsaya Ba

Bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Ilu na Yasore, amma har yau in aka ambaci sunansa a kasuwar Batsari sai ka ji wani ya ce, "Wannan mugun ɗan damben?" Rabin masu faɗin haka ba su taɓa ganinsa a fili ba. Sauran kuwa na san su sarai, na san inda kowannensu yake tsayawa yana ihu yana jefa hula sama. Ni ne Tanko, makaɗinsa. Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ga abin da na fi so in rubuta da hannuna.

Ilu mahauci ne ɗan mahauta, tare muka tashi. Gajere ne, bahago, mai yawan shiru, in yana yanka maka tsire ba za ka ce ya iya kashe ƙuda ba. Kaka goma sha ɗaya ya yi yana dambe daga Batsari zuwa Safana har ƙauyukan bakin daji, sau biyu kaɗai na ga gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da in ya ji shi yake fitowa fili. Ni na yi wa Ilu nasa. Kalangun cewa yake, "Sare shi, Ilu, sare shi har ƙasa."

Dokar fili ba ta da wuya. In mutum ya kai hannu ko gwiwa ƙasa, wasa ya ƙare, ba a ƙara masa, makaɗi kuma ya ɗauke hannu. To Ilu yana da wani hali, in kiɗa ya hau kansa ba ya ji ba ya gani. Da bakinsa ya gaya mani. "Tanko, kai ne idona. In ka tsaya na tsaya, in ba ka tsaya ba ban san an faɗi ba."

Masu lissafa laifinsa uku suke lissafawa, bari in taya su. Na farko a Safana, ya yi wa wani karo da ka, Sarkin Dambe ya hana shi fili sauran kakar nan. Wannan nasa ne, ba zan wanke shi ba. Na biyu, ya hankaɗe dattijon da ya shigo rabiya har rawaninsa ya faɗi, aka hana shi kaka guda cur, ya kai goro ya durƙusa. Wannan ma nasa ne. Amma ku tambayi dattawan nan yadda fili ya kasance a shekarar da ba ya nan. Ko kare bai taru ba. Su da kansu suka aika a kira shi, kuma ranar da ya dawo masu cewa ba shi da tarbiyya su ne a sahun gaba.

Na uku shi ne na Audu Baƙo, wani saurayin Safana. Rana ta yi sanyi, fili ya cika maƙil, wani attajirin gyaɗa ya ɗaga riga sabuwa yana nuna mani, kyautar makaɗi in wasa ya yi zafi. Ilu ya kai wa Audu bugu, Audu ya dafa ƙasa. Na gani da idona. Jama'a na ta ihu, rigar na reto, sai na ce a raina bari in ƙara juyi ɗaya. Juyi ɗayan nan shi ya cinye idon Audu na dama.

Magana ta kai gaban alƙali. Ya tambaye ni, "Makaɗi, da yaron ya faɗi, ka tsaya?" Na ce, "Allah gafarta Malam, na tsaya." Ilu na durƙushe tsakanin dogarai biyu. Ya ɗago ya dube ni, ya mai da kansa ƙasa. Wata shida aka ɗaure shi a Katsina. Aka ce Bature na so a hana dambe a ƙasar baki ɗaya, sai dattawan fili suka yi sauri suka yanke nasu hukuncin: kada makaɗin da ya sake kaɗa taken Ilu. Suka tsira da filinsu, ni na tsira da kalanguna.

Da ya fito, ranar wata kasuwar Batsari sai ga shi ya naɗe hannu da zare ya shigo tsakiyar fili ya tsaya. Ba wanda ya fito. Ba a fita wa mutumin da ba a kaɗa masa ba. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Tanko, taɓa mani ko sau ɗaya." Na dubi Sarkin Dambe, na dubi ƙafata. Ya jima a tsaye, sannan ya sa haƙori ya kwance zaren ya fita. Da aka zo neman mutanen da za a tura haƙar kuza lokacin yaƙin Turawa, sunan Ilu aka fara bayarwa, wai ɗan fitina. Sanyin Jos ya kama masa ƙirji, ko kabarinsa ba mu sani ba.

Nakan ce da Ilu zai leƙo yau, me zai ce? An kewaye fili da zana, sai ka biya ka shiga. Ana ta zancen mulkin kai, 'yan siyasa na yawo a mota da lasifika, kowanne da ƙartinsa masu gora a baya, su fasa kan mutum da safe, da yamma a ba su shinkafa. Ba wanda ya hana a yi masu kiɗa. Ina jin murmushin nan nasa kawai zai yi ya koma wajen tukubarsa. Ni ne abin ke ci wa rai, shi bai iya riƙo ba.

Ga kuma abin da ban taɓa faɗa ba. Shekara uku bayan rasuwarsa wani yaro ya taso da ƙarfi, ubangidansa ya ce in nemo masa take mai zafi. Na ɗauko na Ilu na cire sunansa na ba shi. Duk kaka ana kaɗa shi yanzu, mata na daka da shi, kowa ya san shi da sunan wani.

To me ya rage na Ilu? Bai bar ɗa ba, ba kabari, takensa na hannun wani. Laifi uku ne kaɗai aka bar masa, biyu nasa, ɗaya nawa. Allah ya yafe masa biyun, ya sa kwanciya hutu ce. Audu Baƙo yana nan da rai, yana sai da igiya a kasuwar Safana, duk sanda na gaishe shi sai ya amsa da fara'a, sannan ya tsine wa Ilu. Shekara da shekaru ina tsaye ina ji. Audu bai iya karatu ba, don haka ranar kasuwa zan ɗauki takardar nan da na rubuta in je in karanta masa da bakina, ya san wanda zai riƙa tsine wa.