Ke Kin Rubuta Taki?

A ƙauyukan Malappuram, in likita ya yi magana gyaɗa kai ake yi, sai Kunjamina ta maimaita sannan a aikata. Aji huɗu ta yi ta koma murɗa igiyar ɓawon kwakwa, don haka ba ta da shaidar karatu ko ta rataya a bango. Iliminta shekara tara ce da ta yi tana jinyar mijinta bayan jikinsa ya shanye, tana juya shi, tana wanke masa gyambon kwanciya. Kullum roƙonsa a bar shi ya cika a ɗakinsa, amma a asibiti ya ƙare, inji na hura masa numfashi kwana goma sha tara. Ba wanda ya tambaye shi, ita ma ba ta buɗe baki ba, kuma abin bai daina cin ta ba.

Daga nan ta shiga cikin masu sa kai da ke bin majinyata gida-gida, ta ɗauki zancen da kowa ke gudu. Takan zauna da mutum tun yana da bakin magana, ya faɗi yadda yake so a yi da shi in ciwo ya ci ƙarfinsa, ya zaɓi wanda zai tsaya masa, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Baki kam Allah ya ba ta. Ta sha wanke 'ya'ya tas don sun ɓoye wa iyayensu sunan ciwonsu, wai kada hankalinsu ya tashi.

Catu ne ya gagare ta, wani tsohon mai hawa bishiyar kwakwa da huhunsa ya ƙare. Ɗansa zai iso daga Dubai ranar Juma'a, har ya kama masa gado a babban asibitin birni ta waya. Catu ba ya son zuwa, amma in babu takarda, maganar ɗa za a bi. Likitar da ta zo yi masa bayani ya sallame ta, ya ce ita a littafi ta karanta mutuwa. Ranar Talata aka tura Kunjamina.

"Catu-etta," ta ce, yadda ake kiran babban wa a can, "saura kwana uku fa. Dangwala yatsa kawai za ka yi."

Ya daɗe yana kallon ta. "Ke kin rubuta taki?"

Ta ce ita lafiyarta lau.

"Lau, da wannan kumburin ƙafa? Shekara hamsin ina hawa, daga ƙasa nake gane kwakwar da ta ruɓe. Mai dokar barci ta ɓige da gyangyaɗi ke nan. Kawo taki, sai in ba ki yatsa."

Ta fita ba ta taɓa shayin da aka zuba mata ba. Wata bakwai ke nan da aka gaya mata ƙodarta ta kusa tsayawa. Ita kaɗai ta je asibitin, ta cusa sakamakon a ƙarƙashin buhun shinkafa. Ba za ta iya rubuta takarda ba sai ta sa sunan mai tsaya mata, kuma ba ta da kowa sai 'yarta Sulfat. Tsoro ne ya hana ta, tsoron fuskar yarinyar, irin wanda take yi wa mutane faɗa a kai.

Washegari da hantsi suna gyaran kifi a bayan gida ita da Sulfat ta faɗa mata, ba tare da ta ɗaga kai daga wuƙar ba. Sulfat ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sake yin kuka. Abincin rana bai dahu ba a gidan.

Ranar Alhamis suka isa wajen Catu su biyu, da takarda ɗauke da hatimi. Kunjamina ta miƙa masa, ta ce ga shi, har da sunan mai tsaya mata.

Catu bai iya karatu ba, bai ma karɓa ba. Sulfat ya duba, idanunta sun kumbura sun yi jawur, ta riƙe gefen mayafin uwarta ta ƙi saki.

"To, yanzu kin san abin da kike sa mutane yi," ya ce. "Kawo tawadar."