Waƙar Taubasai Da Ta Wuce Gona

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Nijar aka rufe boda, a shekarar ne wani abu ya same ni wanda har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba. Ni mai facin taya ne a Magama, nan bakin boda. Da manyan motoci suka daina wucewa aiki ya mutu, sai na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, da ma na daɗe ina so.

Ina da ɗa saurayi mai waƙar zamani, irin wadda ake zuba magana da sauri a kan kiɗa. Ƙanwata da ke aure a Maraɗi ita ma tana da ɗa sa'ansa, shi ma sana'arsa ke nan. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, tun suna yara in sun haɗu sai tsiya. Da hanya ta toshe suka daina ganin juna, sai tsiyar ta koma cikin waƙa. Nawa ya saki tasa, ya ce mun yanke musu wuta sun koma kwana da aci-bal-bal. Na Maraɗi ya rama, ya ce nairarmu ta zama takardar naɗe ƙosai. Ni kaina na yi dariya har da hawaye. Abin da ban lura ba shi ne, dubban da ke sauraro a waya ba su san taubasai ba ne. Su faɗa suke gani, suna ta zuga.

Ana nan sai ɗan ƙanwata ya sako ni a waƙa, wai uban wane da gemu yana koyon baƙaƙe a kan benci. 'Yan acaɓa suka riƙa kunna ta in sun zo shan iska a rumfata. Ban ji zafi ba, ai gaskiya ya faɗa. Na kira ɗana na ce ya bar ta haka.

"Baba, ba ka san harkar nan ba," in ji shi. "In ka yi shiru an ce an binne ka."

Bai bari ba. Ya shiga ɗakin naɗar murya ya fito da amsa, a ciki ya lissafa aure-auren gwaggonsa da suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, har da dalilin da ya ji a bakin mata a tsakar gida. Ƙanwata tattasai take sayarwa a kasuwa. A nan ta ji ta, daga wayar mai rumfar da ke kusa da ita. Ta aiko mini da saƙon murya, ba kuka, ba ɗaga harshe. Ta ce, "Yaya, na ji aikenku. Ƙafata ta fita gidanka."

Mu biyu kaɗai muka rage a ɗakinmu. Na ƙudura a raina ba waƙa ce za ta raba ni da ita ba.

Ban doke shi ba, ban kuma zage shi ba. Na ce masa wasan taubasai ido da ido ake yin sa, kuma ba ya hawa kan iyaye. Tunda ya ce waƙarsa wasa ce, to ya zo mu je ya rera ta gaban mai ita. Ya ƙi. Kullum da safe in ya zo gaishe ni sai in amsa, in ce, "Yaushe za mu tafi?" Ba na ƙara komai. Damina ta wuce muna haka, aka yanke gero muna haka. Ran nan ya durƙusa, kafin in buɗe baki ya ce, "Baba, mu je."

Muka bi ta hanyar gonaki da ƙafa kamar yadda kowa ke yi a lokacin, muka samu mota a can gaba. Mun tarar da ita tana tsince tattasai a tabarma. Ta gaishe ni kamar baƙo. Na sa aka kira ɗanta, sannan na ce wa nawa, "Bismilla."

"Rera mana, ɗan Yaya," ta ce. "An ce muryarka da daɗi. Ni a waya kaɗai na ji, ga hayaniyar kasuwa."

Ya fara a hankali, ba kiɗa, ba abokai. Da ya iso wurin da ya ambace ta sai ya tsaya. Ta ce, "Mi ya tsai da kai? Ai da ni na goya ka ba ka in'ina." Nan ya kifa kai a ƙafarta yana kuka. Na juya ga ɗanta na ce saura tawa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ka yi mani rai." Na ce masa karatu dai ina nan ina yi, ya shirya, nan gaba da hannuna zan rubuta masa amsa. Ƙanwata ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta tashi ta ɗebo mini ruwa.

Ta yafe, amma waƙar ba ta mutu ba. Yaran sun goge ta a wurinsu, amma tana nan a wayoyin mutane, har yau nakan ji ta a bakin boda. Abin da na koya shi ne, maganar da ba za ka iya faɗa a gaban mutum ba, kiɗa ba ya halatta ta. Ga abin da muka rasa: rumfar da ƙanwata ta bari a kasuwa saboda kunya, bikin 'yata da aka yi babu gwaggo, da damina guda da ba mu gaisa ba.