Siririn Jirgin Yaya Sale

Shekara takwas ke nan da ruwan dam ɗinmu na Karaye ya ci yayana Sale, kafintan kwale-kwale. Duk faɗuwar damina nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni.

Wani abokin koyarwata a firamare a Rogo ne ya jawo. Muna hutun tara ya miƙo min wayarsa, wai in ga haukan Turawa: mutum tsaye a kan allo, riƙe da ƙaton ƙyalle mai kama iska, yana tsere a teku. Mai bayanin ya jera allo biyu yana gwada su. Faffaɗan, in ji shi, na kwantaccen ruwa ne. Da iska ta hargitsa ruwan sai ya riƙa marin igiya yana jijjiga mai shi. Siriri mai ƙirji kuwa yanka ta yake ya wuce. Abokina na ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Maganar Yaya Sale ce tsaf, wadda muka shekara da shekaru muna yi masa tsiya a kanta.

Mu manoma ne, gyaɗa da dawa muka gada, ruwa a gida ya zo ya same mu. Shi ya sa muke duban jirgi da idon amalanke: buhu nawa zai ɗauka? Kowa faffaɗa yake so. Yaya Sale kaɗai ya ƙera wa kansa siriri, gindinsa da tsini kamar bakin garma. Ni, da 'yar takardar malantata, na fi kowa yi masa ba'a. Da na tashi fara kamun kifi a ranakun hutu, a wurin wani na sayi faffaɗa don kada ya ishe ni da wa'azi.

Ranar da abin ya faru, da la'asar, muna tsakiyar ruwa hadari ya taso. Jirgina ya fara tsalle yana shan ruwa, filafili ya kuɓuce min. Sai ga shi ya jero da ni.

"Hamisu, dawo nan. Bar min wannan, ni na san hannunsa."

Ban yi musu ba, ko sau ɗaya, muka yi musanyar jirgi. Siririn ya kai ni gaɓa, na dira na sake shi, iska ta tafi da shi. Washegari aka tsince shi yana yawo ba kowa a ciki. Nawa ya nutse da yayana. Mutane suka ce ai ga irinta, siririn nan ne ya kifar da shi. Ni kuma na ce iyo na yi na fita, na bar su a haka saboda kunya.

Da Yaya Sale zai leƙo yau, da ya riƙe baki. Tun daga ranar ba wanda ya sake ƙera irin nasa. Faffaɗan ne ko'ina, an ɗaura musu inji, ana loda mata da buhuna har da babur, in iska ta taso sai salati. In uwa za ta hana ɗanta ganganci sai ta ce ya tuna da Sale. Mutumin da ya fi mu sanin ruwa ya zama abin kwatance, kuma bakina ne ya sa.

Kafin in aiko da wannan rubutu na je Unguwar Hajji wurin matarsa, Yaya Uwani. Bayan doguwar gaisuwa na zayyana mata komai, kaina a ƙasa. Ba ta ko daina tsince shinkafarta ba.

"Ai na sani, Hamisu. Ranar da aka jawo jirginsa, takalmanka na roba na gani a ciki. Suna ƙarƙashin gadona."

Da ƙyar na tambaye ta me ya hana ta faɗa.

"Shi ya zaɓi ya ba ka ranka, ni ce zan tona ka? Jira nake ka wanke shi da bakinka kafin 'ya'yansa su yi aure."

To jama'ar Karaye da Rogo, ku shaida: jirgin Sale bai kifar da kowa ba. Mutum ɗaya ya ɗauko a cikin iskar nan, ya kuma kawo shi gida, ga shi yana rubuta muku. Allah Ya jiƙan Yaya Sale, ni kuma Ya yafe min.