Ƙafata Ta Ƙi Ɗaga Giya

Salamu alaikum jama'a. Masu turo saƙo suna cewa "Kabiru, ka ɓata," ga ni, ban ɓata ba. Asibiti ne ya riƙe ni, yau kuma na ji ƙarfin ba ku labari.

Kun san ni da son babur, dabbab kamar yadda muke cewa a nan Makka. Duk wanda ya taɓa fita daga Rusaifa zuwa shagonmu na turare a Aziziyya lokacin aikin Hajji ya san dalili. Kana cikin mota kana gumi, masu babur suna wuce ka suna ɗaga maka hannu.

Sai na shiga makarantar koyon tuƙin babur. Raina yana kan wani baƙi mai inji ɗari shida, har na sa hotonsa a wayata. Malaminmu, wani dattijo ɗan Sudan da muke kira Ammu Usman, ya kalli hoton ya yi dariya. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, mai koyo ba ya wuce ɗari da hamsin a nan. Wannan naka sai ka ci jarrabawa, ka kuma yi hankali."

Na ji haushi, amma na hau ƙaramin.

A kan ƙaramin nan ciwon ya fara nuna kansa. Yatsun ƙafata suka riƙa yi mini kamar tururuwa na yawo a ciki. Na ce takalmi ne ya matse ni. Wata safiya na zo ɗaga giya da ƙafar hagu, ƙafar ta ƙi tashi. Na sake, ta ƙi. Ammu Usman ya tsayar da ni ya ce in taka zuwa wajensa. Da ya ga yadda nake jan ƙafa, bai yi wasa ba. "Sauka. Mustashfa za ka yanzu, ba gobe ba."

Matata Nafisa ce ta kai ni mustashfan, wato asibiti. Kafin yamma hannuna ya kasa riƙe kofin shayi.

An ɗebi jini, an ɗebi ruwa daga ƙashin bayana, an jona mini wayoyi a ƙafa suna fizgata kamar lantarki. Likitar ta tambaye ni ko na yi gudawa kwanan baya. Na ce ƙwarai, na ma manta da ita. Ta ce garkuwar jikina ce ta rikice bayan gudawar, ta koma tana cin jijiyoyina. Ta faɗi sunan cutar, har yau harshena bai iya shi ba.

Na ce, "Daktora, zan sake tafiya?"

Ta ce, "Yawanci suna tafiya, in sha Allahu. Amma yanzu numfashinka nake gadi."

Nan tsoro ya kama ni. Kowane lokaci sai a kawo mini wani bututu in hura, a duba ko ƙirjina ya fara rauni. Ina kallon ƙafafuna a gado kamar na aro. Maganin ta jijiya ake sa shi, kamar ƙarin ruwa, kuma mai tsada ne, Allah ya sa inshorar wurin aiki ta ɗauke mafi yawa.

Ummi kuwa, tsohuwata, kullum tana zuwa da zamzam da kunun gyaɗa. Ta zauna ta ce, "Ni dai na gode Allah da ba babur ne ya kada kai ba, da na rasa bakin magana a gaban dangi." Na yi dariya har injin da ke gefena ya yi ƙara, nas ta shigo a guje.

Ciwon ya tsaya bai kai ƙirji ba. Alhamdu lillahi.

Sai aka miƙa ni wa masu gashin ƙashi. Ƙato da ni, aka koya mini zama, aka koya mini tsayuwa, aka ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Ranar da babban yatsana ya motsa, Nafisa ta yi guɗa a ɗakin asibiti, majinyacin da ke kusa da ni ya zaci haihuwa aka yi mana.

Na bar keken guragu na koma sanda, na bar sanda na koma bin bango. Watanni aka ɗauka. Ranar da na yi ɗawafi da ƙafafuna, ba a tura ni ba, na yi kuka ban ji kunyar kowa ba.

Da likita ta yarda, na koma makaranta, na kuma je sayen babur. Wannan karon ban tambayi gudu ba. Na zauna a kai in ga ko tafin ƙafafuna biyu sun taɓa ƙasa. Na karkatar da shi in ji ko zan iya tayar da shi ni kaɗai. Na matsa kuloci in ji laushinsa. Wani ja, ɗari da hamsin, shi ya amsa duka. Nafisa ta zagaya shi ta ce, "Wannan ai ɗan autan babura ne." Ta sayo mini hular kwano da kuɗinta.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, da Ummi, da Nafisa da ta yi ta juya ni a gado ba ta taɓa tsaki ba, da ku masu addu'a.

Shawarata: in ƙafa ko hannu ya fara mutuwa, ko kuka ji rauni yana hawa sama, kada ku tsaya shafa man zafi, ku tafi asibiti a ranar. Ku gaya wa likita har ƙaramin ciwon da kuka yi kafin nan. Masu son babur kuma, ku fara da wanda ƙarfinku ya fi nasa.

In kun ga wani a titin Rusaifa kan jan babur yana tafiya kamar mai rakiyar amarya, ku danna oda a hankali. Ni ne.