Ramin Da Sababbin Masu Kamfani Suka Toshe

Ko tsufa ya kwashe mini duk abin da ke kaina, ba zan manta ranar da na wanke babur a bainar jama'a a Gusau ba.

A shekarun nan ni ne gwanin wasan ƙwallo na bidiyo a Tsafe, har ana ce mini Sarkin Kwana. Yau dai bari in tona kaina: ban iya wasan ba. Wani rami na gano a cikinsa. In aka ba ni bugun kwana, na danne maɓalli biyu tare, sai gola ya daskare kamar an kira sunansa a kotu, ƙwallo ta wuce. Duk shekara kamfanin na fitar da sabon kaset, kuma bai taɓa toshe ramin ba. Ni kuwa in zan buga sai in rufe hannuna da hula, in riƙa motsa baki. Mutane suka ɗauka asiri ne, ban kuma ƙaryata su ba.

Sai wani tela daga Bungudu ya aiko cewa yana son karawa da ni. Aka tsai da ranar Asabar, a wani shagon wasa a Gusau, don kada a ce wani ya ci a gida. Ni da bakina na kafa sharaɗi: wanda aka ci zai wanke babur ɗin wanda ya ci, a ƙofar shago.

Muna isa mai shagon ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, sabon kaset na hwa. Kamfanin ga an sai da shi, wasu sunka saye. Ka ɗan gwada kahin a hwara."

Na yi dariya na ce, "Mi ruwana da wanda yas saye? Kawuna ya sayi injin niƙa a Bilbis, ko ƙusa bai sake ba."

Haka na ɗauki cinikin kamfani, a canza allon ƙofa, kaya na nan yadda suke. Ban gwada ba, don kada a ce Sarki na jin tsoro.

Ba a jima da farawa ba na samu kwana. Na cire hula na rufe hannu, 'yan Tsafe suka fara tafi tun ban buga ba. Na danne. Golan nan da ya yi shekaru yana mini biyayya ya tashi sama ya cafke ƙwallo. Na ce hannu ne ya zame. Kwana ta biyu, ya sake cafkewa. A ta uku har na yi addu'ar gaske a ƙarƙashin hular, amma ina! Sababbin masu kamfanin sun shigo da tsintsiya, kuma ramina suka fara sharewa.

Telan kuwa sai zura mini ƙwallo yake a natse kamar yana kafa maɓallin riga. Da ya ci ta biyar ya dube ni ya ce, "Sarki, ko a sake maka hula?"

Raina ya ɓaci, kunya ta rufe ni. Abin da ya fi ƙona ni shi ne babur ɗin. Damina ce, kuma mutumin ya bi ta kowane kududdufi daga Bungudu, da gangan. Na naɗe hannun riga ina dirza taya, 'yan garinmu kuwa su ne masu nuna mini inda ban wanke ba.

Daga baya na koma wurin telan nan ya koya mini wasan tun daga farko, yadda ake ba da ƙwallo da yadda ake tsare gida. Ban sake zama sarki ba, amma abin da na iya yanzu nawa ne. Ranar na gane cewa in ka gina sunanka a kan kuskuren wani, to ka zauna da shirin ranar da kayan za su koma hannun mai gyara.