Ƙafar Yaya Hajara da Kwamfutar Sabon Gari

Ku matso kusa, 'yan'uwana, in ba ku labarin wata tafiya da har yau take ci mini rai. Ni ba mai yawo ba ce. In ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, tsakar gidana a Samaru ta ishe ni. Amma da Yaya Hajara, wadda nake bi wa, ta ce in raka ta, ba ni da ta cewa.

Yaya ta daɗe da ciwon suga. Ƙaya ce ta soke ta a babban yatsan ƙafa, wurin ya ƙi warkewa, ya fara baƙi. Likitan babban asibiti ya ce ta dawo ran Talata da shirin kwanciya, a wanke mikin. To, ran Talatar muka fita.

Bakin titi

Ana idar da sallar asuba muka fito. Ina ɗauke da kwandon jinya, filas da kofi da zannuwa, Yaya na ɗingishi, ƙafar naɗe da tsumma cikin silifas ɗin mijinta. Motocin da ke zuwa asibiti a ɓangarenmu suke tsayawa, sai na ji ta ja hannuna mu tsallaka.

"Yaya, ai nan ne."

"Ke dai taho, Uwani. Sabon Gari za mu. Akwai wani dokta mai kwamfuta, ƙarfe kawai za ki riƙe ta karanto duk cutar da ke jikinki. Ba allura, ba wuƙa."

"In ji wa?"

"Matar mai niƙa. Ita ma 'yar ƙanwarta ce ta faɗa mata."

Samaru zuwa Kwangila

Muka samu 'yar bas cike da ɗalibai da ma'aikata. Direba ya hango kwandona ya ce, "Hajiya, yaji aka yi da sassafe haka?"

Yaya ta ce, "In ma yajin ne, gidanka zan sauka, ka ce a ƙara tuwo." Mota ta kwashe da dariya.

A Palladan 'yan sanda suka tsayar da mu, suka leƙa, suka ɗaga hannu. Tsayuwar nan ce ta sa warin ƙafar ya tashi. Wata ɗaliba ta zuge gilas. Yaya ta ja hijabi ta rufe ƙafar, daga nan ba ta sake raha ba. A Kwangila muka sauka muka hau keke Napep. Na sayi ƙosai, ta ƙi ci, wai an ce kwamfutar ba ta son a je mata da ƙoshi.

Shagon dokta

A Unguwar Gabas yake, tsakanin shagon tela da mai kayan gyaran mota. A ƙofa an rataya hoton mutum da hanjinsa a waje. Ciki benci ne, sai siririn katako da ya raba mu da dokta. Na jingina kaina da katakon. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Wadda ta fara shiga wata mai busasshen kifi ce, Maman Ngozi. Da Turancin buroka suka yi magana da dokta, ni kuwa na tsinci kaɗan a wurin maƙwabta. Ya ce tana da taifot, da sanyi, hantarta ta yi datti, jininta ya yi kauri. Maganin kuma, wai fasto ya yi azumi ya yi addu'a a kansa.

Bayanta wani dattijo daga Bomo ya shiga. Dokta ya juya harshe zuwa Hausa: taifot, sanyi, dattin hanta, kaurin jini. Ko jerin bai sauya ba. Shi kuma aka ce masa malamai ne suka tofa wa maganin ayoyi, har da zamzam a ciki. Da ya fito na kalli hannunsa. Koriyar kwalba, irin ta Maman Ngozi sak.

Muka shiga. Mutum ne mai fara'a, da farar riga, har da tambayar mutanen gida. Yaya ta riƙe ƙarfen, kwamfuta ta yi ta zane-zane ja da kore. Ya karanto mata abin da na riga na haddace.

Yaya ta ce, "Dokta, sugan fa?"

Ya danna wani abu ya ce, "Yauwa, ga shi nan, yanzu ya fito."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za ka kwance ƙafar ka gani ba?"

"Hajiya, kwamfuta ta riga ta gani tun daga ciki." Ya miƙo koriyar kwalba, ya ce ta ajiye ƙwayoyin asibiti, don ba sa shiri da nasa. Har muka fito idonsa bai sauka kan tsumman nan ba.

Komawa gida

A cikin keke na zayyane mata duk abin da na ji, da faston da malaman. Na ce kwandonmu na hannu, lokaci bai ƙure ba, mu wuce asibiti daga Kwangila.

Ta ce, "Ke tun kina ƙarama kunnenki a jikin bango yake."

"Yaya, ni ce ƙaryar ko shi?"

Muka hau bas a Kwangila. Muna wuce Palladan ta ce, a hankali, "Na san ba ƙarya kike ba. Amma shi bai ce zai yanke ba, Uwani. Ina so in shiga kabarina da ƙafata."

Na yi magiya, na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da 'ya'yanta. Ta ce in ba ta sati biyu kawai, kuma in na faɗa wa mijinta ba ni ba ita. Bayan azahar muka iso gida. Na kasa haƙuri, da yamma na faɗa masa. Ya ce tunda da ayoyi a ciki, a gwada mana, waraka ta Allah ce.

Hanyar asibiti

Kafin kwalbar ta ƙare zazzaɓi ya kwantar da ita, baƙin ya haura idon sawu. Wannan karon ba bas muka hau ba, a motar maƙwabci aka shimfiɗe ta. Likita ya kwance tsumman, ya daɗe yana kallo, bai yi mana faɗa ba. Cewa ya yi da mun zo ranar da ya sa mana, mai yiwuwa yatsan kaɗai za a taɓa. A ƙasan gwiwa suka yanke.

Mun dawo gida da ita da ranta, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitocin da maƙwabcinmu da duk wanda ya kawo kunu ko ya zo sannu. Yaya na zaune yanzu a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, ba ta taɓa ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba. An ce mini shagon yana nan, bencin a cike.

Na faɗi gaskiya iya yadda na iya, ba ta ishe ta ba. Ke da kike karanta wannan, in yayarki ce zaune kusa da ke a keken nan, tsoro ya cika mata ciki, me za ki ce mata ta yarda ku wuce asibiti daga Kwangila?